Kalmar da ta tsaya min a wuya

Yau da la'asar 'yata tana bitar Turanci saboda jarabawar WAEC, sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, me ake nufi da bombshell?" Na ce mata asalinta ƙwanson bam ne, amma Turawa na faɗin ta ga labarin da ya faɗo wa mutum ba zato ba tsammani, ya girgiza shi. Ta rubuta, ta wuce ta gaba: a bolt from the blue, wato tsawar da ta faɗo alhali sama garau take, ko alamar hadari babu. Wannan ba ta ba ni wuya ba, mu ma ai muna cewa abu ya zo kamar saukar aradu.

Ta farkon nan ce ta tsaya min a wuya. Yarinyar ba ta kai shekara shida ba lokacin da bam ya tashi a tashar Dukku, nan cikin Gombe, a Disambar 2014. Ni kuwa har yau ina tuna yadda wayata ta yi ta ruri a aljihu na kasa ɗauka, hannuna na rawa, bakina ba abin da yake iya furtawa sai Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zuba mata ido tana jan layi a ƙarƙashin kalmar da jan biro, hankalinta kwance, tana nanata ta don kada ta manta. Ban ce mata komai ba. A wurinta kalmar jarabawa ce kawai, kuma wallahi roƙona ga Allah ta ci gaba da zama haka a wurinta.