Ƙwayar cutar da ke rikita ruwan tumbi

Har yanzu idan aka ce wani yana fama da olsa, yunwa ko yaji ake fara ɗora wa laifi. Amma tun 1982, lokacin da Barry Marshall da Robin Warren suka ware ƙwayar Helicobacter pylori a birnin Perth na Ostareliya, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2005, aka fara gane cewa yawancin gyambon ciki daga gare ta yake tasowa.

Asid ɗin tumbi yana kashe yawancin ƙwayoyin da muke haɗiyewa, amma ita wannan tana mayar da wani sinadari da ke cikin tumbi mai suna yuriya zuwa amoniya, wanda ke dusashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita, sannan ta lafe cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi. Idan ta zauna a ƙasan tumbi, kumburin da take haddasawa yana rage somatostatin, sinadarin da ke taka wa gastrin birki, shi kuwa gastrin shi ne ke sa tumbi zubo asid. Sai asid ya yi yawa, ya gangara farkon ƙaramin hanji yana cinsa. Shi ya sa mai irin wannan gyambo kan farka tsakar dare da zafi a ƙahon zuciya, ya lafa da zarar ya ci wani abu, kuma ina ganin daga nan ne zargin yunwa ya samo asali. Idan kuma saman tumbi ta mamaye, asid raguwa yake yi, haɗarin sankara ya ƙaru.

Omeprazole da ake saye a kemis yana rage asid, majiyyaci ya ji sauƙi, amma ƙwayar tana nan daram, gastrin ma ƙaruwa yake yi. Ɗaya daga cikin abubuwan da likitoci kan rubuta shi ne a haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyi biyu, kamar amoxicillin da clarithromycin, na kwana 14. Bayan an kawar da ita gastrin kan sauka cikin makonni, amma asid yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita. Gwajin numfashi ko na bahaya da ke tabbatar da mutuwarta sai bayan mako 4 da gama maganin ake yinsa, kuma a daina omeprazole mako 2 kafin nan, domin yana iya ɓoye ta.