Abin da ƙwan kifin zebra ya koya mini

A makon farko da na fara aiki a ɗakin binciken kifin zebra, wani ɗan ƙaramin kifi mai ratsi-ratsi da masana ke nazarin halitta da shi, ban taɓa allura ko sinadari ba. Shugabar ɗakin ta miƙa mini takardar da Charles Kimmel da abokan aikinsa na Jami'ar Oregon suka wallafa a 1995, wadda ta bayyana matakan girman ɗan tayin wannan kifi tun yana ƙwaya ɗaya har ya ƙyanƙyashe, ta ce in zauna gaban madubin ƙara girma in riƙa gwama abin da nake gani da hotunan da ke cikinta. A raina na ɗauka jinkiri kawai take jawo mini, domin ni burina in fara taɓa ƙwayoyin gado, wato waɗanda ke ɗauke da siffofin da ake gada daga iyaye.

Kullum da safe, da zarar an kunna fitilun ɗakin kifaye, sai mu zare shamakin da ke tsakanin mace da namiji, kafin wani lokaci ƙwai sun zube a ƙasan ragar tankin. Ƙwan garau yake kamar gilashi, kuma a waje da jikin uwa yake girma, saboda haka mutum na kallon ƙwayar farko tana rabuwa biyu, sannan huɗu, sannan takwas, kusan kowane minti 15, ba tare da ya yanka komai ba. Cikin kwana ɗaya zuciya ta fara bugawa. Har yau wannan kallon bai gundure ni ba.

Bayan wata uku na yi wa ƙwai allurar morfolino, sinadarin da ke hana wata ƙwayar gado yin aikinta, da daddare kuma na ga waɗanda na yi wa allurar sun fi 'yan uwansu gajeriyar jela. Na garzaya wurin shugabar ina murna, na ce, "Malama, ku zo ku gani, gwajin ya yi." Ta leƙa, ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko na ƙirga somait, wato gaɓoɓin nan da ke jeruwa a bayan ɗan tayi, waɗanda daga baya suke zama tsoka da ƙashin baya. Na ƙirga na sami 18 a masu allura, 22 a sauran. Da yake kusan kowane rabin sa'a ake samun sabuwar gaɓa, tazarar ta sa'a biyu ce kacal, kuma ni na haddasa ta, domin na bar farantin masu allura a kan tebur mai sanyi na tsawon sa'o'i, alhali sauran suna cikin na'urar ɗumama a ma'aunin 28.5 na Salshiyas. Da na sake gwajin, na daidaita su bisa yawan gaɓoɓi maimakon agogo, bambancin ya ɓace.

Daga ranar ne na soma fahimtar aikin waɗanda suka riga mu. George Streisinger ya shafe shekaru a Oregon yana kiwon wannan ɗan kifin ruwan Indiya lokacin da masana da yawa ba su ga alfanunsa ba, sai a 1981 ya wallafa hanyar samar da kifaye masu gado iri ɗaya, ya kuma rasu a 1984 bai ga inda abin ya kai ba. Binciken da Christiane Nüsslein-Volhard ta jagoranta a Jamus, tare da na Wolfgang Driever a Amurka, ya fito a 1996 da ɗaruruwan ƙwayoyin gado masu tsara jiki, kuma a 2013 aka tabbatar cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikin kifin. A ganina duk wannan ya tsayu ne saboda masu bincike a ɗakuna daban-daban sun sami ma'auni guda na gane shekarun ɗan tayi, kuma Kimmel ne ya ba su shi.

Kwafin takardar da Malama ta ba ni yana nan kusa da madubina, duk tabon ruwa, kuma shi nake miƙa wa kowane sabon ɗalibi a makonsa na farko.