Na je neman sulhu, wai shi ne ya yafe mini

Duk wanda zai je yin sulhu da ɗan'uwa, ya shirya zuciyarsa tun daga gida cewa wataƙila ba zai ji "ka yi haƙuri" ba. Ni dai babu wanda ya faɗa mini haka, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Wani ɗan'uwa ne da muke ƙungiyar mawaƙa tare a ikilisiya, na faɗa masa damuwata ta bashi, magana tsakanina da shi kawai, kwatsam sai na ji ta a bakin mutane wai ya kawo ta a matsayin batun addu'a, da sunana da komai. Daga nan na ɗauke masa wuta. Ba gaisuwa, in ya zauna dama na koma hagu. Wannan bai dame ni ba gaskiya. Inda abin ya kama ni shi ne ranar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke ci muke sha a ikilisiya don tunawa da mutuwar Almasihu, domin 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa kafin ya ci, sai tire ya zo gabana na miƙa shi gaba, wata bayan wata. Addu'ar Ubangiji ma in an zo wajen gafarta wa masu yi mana laifi sai na yi shiru na bar jama'a su wuce.

Wani dattijo ne ya lura ya ja ni gefe. Na ce Baba ai ni aka yi wa laifi, shi ya kamata ya zo. Ya buɗe mini Matiyu 5:23-24, in ɗan'uwanka na da magana a kanka ka bar baikonka gaban bagade ka je, sannan ya juya 18:15, in shi ne ya yi maka laifi nan ma kai za ka je, ku biyu kaɗai. Ya ce to ɗana nuna mini ayar da ta ce ka zauna ka jira.

Na je. Na tsara maganata tsaf, har na shirya yadda zan ce "ba komai, ya wuce" in ya fara roƙo. Ina buɗe baki na ce na zo mu shirya ne, sai mutumin nan ya dafa kafaɗata yana murmushi ya ce "haba ɗan'uwa, ai na daɗe da yafe maka." Ni! Wato a lissafinsa gabar da na yi da shi ita ce laifin, tonon asirin kuwa hidima ce ya yi mini. Kai, na ji kamar na tashi na fita.

Na dai daure na faɗa masa abin ƙarara, cewa maganar da na ba ka amana ka kai ta gaban mutane kuma ta yi mini ciwo. Ya ce shi da zuciya ɗaya ya yi. Shi ke nan fa, iyakarta kenan. In za ku je ku faɗi laifin da sunansa, kar ku yi ta kewaye-kewaye, kuma don Allah ban da saƙon WhatsApp, da a rubuce ya aiko mini "na yafe maka" ɗin nan da sai dai wani labarin.

A daren na kasa barci, ina ta yi wa Allah ƙorafi wai ni na bi maganarka ga abin da na samu. Romawa 5:10 ce ta kwantar da ni, tun muna magabta aka sulhunta mu da Allah ta mutuwar Ɗansa, wato shi da aka yi wa laifin shi ya fara tahowa, bai jira mun gane ba. Romawa 12:18 kuma ta ce iyakar ƙoƙarinku, in mai yiwuwa ne, ku zauna lafiya da kowa. Nawa ɓangaren aka tambaye ni, ba nasa ba.

Wasu suna cewa in ba ku koma kamar dā ba to ba ka yafe ba, ni ban yarda ba. A Farawa 33 Isuwa, wanda ɗan'uwansa Yakubu ya yi wa laifi tun dā, ya zo da mutum 400, Yakubu ya rusuna sau bakwai, suka rungumi juna suka yi kuka, amma daga baya Isuwa ya koma Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot. Yanzu muna gaisawa, muna waƙa a layi ɗaya, da ba shi da lafiya na je dubiya kuma addu'ar da na yi masa ta gaske ce. Na koma cin Jibi. Sirrina dai ba zai ƙara ji ba, kuma kwanan nan na ji yana ba wani labarin yadda ya haƙura da ni, na cije leɓe na wuce abina.