Ku bar mini duhuna

Har yau in na tuna hoton zauren nan sai raina ya sosu, kuma ba wanda ya yi mini mugunta. Taimako aka yi mini, irin gyaran gangar Auzinawa.

A hunturun bara na ɗauri aniyar ɗaukar lungunan cikin birnin Kano da hoton baƙi da fari. Ba kasuwa nake nema ba, ba hawan sallah ba, waɗannan kowa ya ɗauka. Ina son hoton da mutum zai tsaya a gabansa yana tambayar kansa: wane ne wancan, me yake jira, me ke bayan ƙofar? Hazo ya ba ni rabin aikin kyauta. Daga kan dutsen Dala da sassafe, gidajen kusa baƙi ƙirin, na bayansu toka-toka, na can nesa sun narke cikin farin sama. Wannan bai ba ni wuya ba, muddin na fuskanci rana kuma na kame hannuna daga maɓallin share hazo na Lightroom, manhajar gyaran hoto, wanda in ka ja shi sai ya mayar maka da safiyar hunturu kamar tsakar ranar bazara.

Hoton da na fi ji da shi kuwa a wani zaure na same shi. Wani dattijo zaune daga ciki kan buzu, hasken ƙofa ya shigo a karkace ya sauka a hannunsa da carbi da gefen rawani, sauran jikinsa duk a duhu. Na yi sallama, muka gaisa, na faɗi buƙatata. Ya ce, "Yaro, ni ba na son fuskata tana yawo a gari." Na ce, "Baba, wallahi fuskarka ba za ta fito ba, hannu kawai nake so." Na ɗauka, na nuna masa a bayan kyamara. Ya duba, ya ga hannu da carbi da duhu, ya ce to Allah ya ba da sa'a.

Duk mai riƙe kyamara ya san ma'aunin haskenta ba ya ƙaunar duhu. An gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa toka tsaka-tsaki, wadda ake cewa ta kashi 18 cikin ɗari. In ka bar shi da zaure, zai buɗe cikin ɗakin har ka ƙirga azara, hannun kuma ya ƙone ya zama fari fat. Don haka na auna hasken a kan hannun kaɗai, na rage hasken da ke shiga kyamara da mataki biyu. A nan na yi zaton magana ta ƙare.

Na kai hoton wani gidan wanke hoto a buga mini shi babba, a sa a firam, domin wani abokina ya ba ni bango a shagonsa. Ranar karɓa aka ware takarda, sai ga Baba zuru-zuru yana kallona. Fuska, furfura, har ɗan murtuken da ya yi. Bayansa ga bokitin roba, ga ƙaramin janareta, ga fastar wani ɗan takara a manne da bango. Yaron da ke kan kwamfuta yana murmushi ya ce, "Yallaɓai, ai hoton naka ya yi duhu da yawa, sai da na sha aiki kafin mutumin ya fito." Godiya yake jira.

Ban iya yi masa faɗa ba. Aikinsa kullum hotunan biki ne da na suna, inda amarya ba za ta yafe ba in fuskarta ta yi duhu. Kuma yana da hujja ta sana'a: allo yana fitar da haskensa, takarda kuwa sai wanda ya sauka a kanta, shi ya sa hoto kan fito da duhu fiye da yadda aka gan shi a waya, su kuma suka saba ƙara masa haske tun ba a tambaye su ba. Amma kuɗin bugu da na firam sun tafi, hoton kuma ba zai rataye a bangon kowa ba, tunda na rantse wa dattijo. Ko da ban rantse ba ma, me ya rage a cikinsa? Tsoho a zaure kusa da janareta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ashe baƙin da nake gani ba baƙi ba ne. A hoton kwamfuta haske yana tafiya ne daga 0, wato baƙi tsantsa, zuwa 255, fari tsantsa. Abin da ke zaune a wajen 10 ko 15 ido zai ce maka duhu ne, musamman a bayan kyamara cikin rana, amma fuskar tana nan kwance, jira take a ja maɓalli. Ansel Adams da Fred Archer, masu ɗaukar hoto na Amurka da suka tsara matakan haske goma sha ɗaya wajen 1940, sun raba baƙin da babu komai a cikinsa da duhun da ake iya hango ɗan abu. Na san wannan a karatu, sai da na ga fuskar Baba a firam na san shi a jiki. Yanzu duk abin da na yi niyyar ɓoyewa, ni nake kai shi 0 da hannuna kafin hoto ya bar kwamfutata, yadda ko aljani ne ya zauna a kan na'ura ba zai tono shi ba.

Sai dai kada a ji wannan a je a tsoma hoto gaba ɗaya cikin tawada. Na gwada, ba asiri yake bayarwa ba, hoton da ya lalace kawai yake zama. Dole ido ya sami abin kamawa, sannan a bar wani yanki rabi-da-rabi, kamar bakin ƙofar ciki da ake hango ta da ƙyar. Wurin mai tsire da magariba ma haka na yi: hayaƙin tukuba da fitila a bayansa, na sassauta gudun ɗauka zuwa 1/15 na daƙiƙa, masu wucewa suka zama inuwa mai ja, mai tsiren kaɗai ya tsaya sosai. Masu cewa ƙara duhu bayan ɗauka ha'inci ne, su je su duba Fan Ho na Hong Kong. Shahararren hotonsa na 1954, na mace tsaye jikin bango, doguwar inuwar da ta ratsa shi a ɗakin wanke hoto ya ƙara ta.

Na koma gidan wanke hoton, domin injinsu yana da kyau, ba zan ɓata musu ba. Yanzu sai na ce a kashe gyaran da inji ke yi da kansa, a buga mini ɗan ƙarami tukuna, in fita da shi bakin titi in duba, kuma ba na matsawa daga bayan kujerar yaron sai babban ya fito. Takarda mai sheƙi nake zaɓa wa irin waɗannan, don marar sheƙi tana sa baƙi ya yi kamar ya sha wanki. Shi dai har yanzu in ya miƙo mini sai ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, kuɗinka ne."