Rabin maki ne ya mayar da ni ɗakin jarrabawar IELTS

Ranar da sakamakon IELTS, jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci, ya fito na daɗe ina kallon allon kwamfuta, jikina a sanyaye. Saurare 7, karatu 6.5, magana 6.5, rubutu 5.5. Da aka haɗa su aka raba gida huɗu aka sami 6.375, aka cike shi na tashi da 6.5, daidai abin da jami'ar da nake nema ta buƙata. Sai dai akwai wani sharaɗi a ƙasan wannan: kada ko ɓangare ɗaya ya gaza 6. Rabin maki ne ya raba ni da gurbin digiri na biyu a shekarar. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don kuwa rubutun nan shi na ɗauka ya fi sauran sauƙi. Tun firamare da Turanci nake karatu, da shi na rubuta kundin kammala digirina, sai ga shi an ce awa ɗaya ta rubutu ta fi ƙarfina.

Na kwashi gwaje-gwajen da na yi kafin jarrabawar na kai wa wani tsohon malamina. Ya karanta shafi ɗaya, ya ajiye jan bironsa.

"Karanta mini tambayar," in ji shi.

Na karanta. Ana tambaya ko ya kamata gwamnati ta fi kashe kuɗi kan motocin haya da jiragen ƙasa maimakon gina sababbin hanyoyi, kuma har ina na yarda da hakan.

"To, nuna mini inda ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba."

Na duba sama, na duba ƙasa. Na kawo tarihin sufuri, na kawo muhimmancin hanya ga tattalin arziki, na jera manya-manyan kalmomin da na haddace. Amsar tambayar ce kawai babu. Na ce, "Malam, amma ai Turancin bai da laifi." Ya ce, "Ɗana, ba a nan gizo ke saƙa ba. Sun tambaye ka abu, ka ba su wani abu mai kyau. Ba za su biya ka kuɗin abin da ba su saya ba."

Daga ranar na sake lale. Na nemo ma'aunin da masu jarrabawar suka wallafa, wato British Council da IDP na Ostareliya da Cambridge, waɗanda ke gudanar da ita tun 1989. Kyauta yake a intanet, amma ban taɓa buɗe shi ba sai da na faɗi. Abu huɗu ake dubawa a rubutu, kowanne da kashi ɗaya bisa huɗu na maki: ko ka amsa abin da aka tambaya, yadda tunaninka ya jeru ya haɗu, yalwar kalmominka da dacewarsu, sai nahawu. Ni kuwa duk ƙarfina na zuba shi a kan kalmomi, su ɗin ma ina cusa su inda ba muhallinsu ba. Yanzu ina ganin haddar manyan kalmomi da shiryayyun jimloli ita ce babbar cutar da mai shiri zai yi wa kansa. Mai dubawa ya ga irinsu sau ba adadi, daga layin farko yake gane su.

Akwai kuma lissafin lokaci. Aiki biyu ne cikin minti 60. Na farko aƙalla kalma 150, bayanin wani zane ko jadawalin alƙaluma, na biyu muƙala ta aƙalla kalma 250, kuma makinta ya ninka na farko. A zaman farko na ɓata fiye da rabin awa a kan zanen, ina kwafe kowace lamba har ina ƙirƙiro dalilin da ya sa layi ya hau ko ya sauka, alhali ba wanda ya tambaye ni dalili. Abin da ake so shi ne ka faɗi babban abin da zanen ke nunawa cikin jimla biyu, sannan ka zaɓi lambobin da suka fi fitowa fili ka kwatanta. Na ɗaure kaina da minti 20 a nan, minti 40 a can. Kafin in rubuta komai a muƙala nakan ɗauki minti 5 in rubuta matsayina a jimla ɗaya, da hujja biyu, da misalin kowacce. In jimlar nan ta ƙi fitowa, na san ban fahimci tambayar ba tukuna.

Abin mamaki, ciwo ɗaya ne ya bi ni har ɓangaren karatu. Nassi uku ne, tambaya 40, awa ɗaya. Akwai irin tambayar da za a kawo magana a ce ka zaɓa: gaskiya ce, ƙarya ce, ko nassin bai faɗa ba. A nan na fi zubar da maki, musamman idan batun na san shi. Sai in amsa da abin da ke kaina, ba abin da ke kan takarda ba. Malam ya sa mini doka: kada in zaɓi amsa sai na ɗora yatsa a kan layin da ya tabbatar da ita. In yatsa ya rasa wurin sauka, to nassin bai faɗa ba. Na kuma buɗe littafi na musamman ina rubuta kowane kuskure da dalilinsa. Bayan mako uku na ga kuskuren nawa ba su fi iri huɗu ba, su ne ke ta dawowa da sabuwar riga.

Saurare bai ba ni wahala sosai ba, sai dai sau ɗaya tak ake kunna muryar, kuma akan jiyo karin harshen Ingila da na Ostareliya da na Amurka. Na koyi jiran ƙarshen magana, domin mai magana kan ba da lambar waya ko rana sannan ya gyara. Na saba wa kunnena bambanta 15 da 50, waɗanda a Turanci ƙarshensu kawai ya raba su. In an ce kada amsa ta wuce kalma biyu ka rubuta uku, ta faɗi ko da daidai ce, haka ma in ka kuskure harafi ɗaya.

Magana kuwa minti 11 zuwa 14 ce da mutum ido da ido. A tsakiya za a miƙa maka kati mai ɗauke da batu, a ba ka minti ɗaya ka shirya, ka yi magana har minti biyu. Na riƙa ɗaukar muryata a waya kowane dare. Ranar farko da na saurara, ban kai sakan 50 ba na ƙafe, kuma na ji yadda "p" da "f" ke musanya wuri a bakina, abin da yawancinmu masu jin Hausa muke fama da shi. Ban yi ƙoƙarin komawa Bature ba, ba a kuma neman haka. Ana so ne a gane abin da kake faɗa ba tare da an wahala ba. Na riƙa sa ƴar takarda a gaban leɓena, in ta motsa da ƙarfi na san "p" ta fito.

Wata uku na yi a haka, awa biyu kullum, da cikakken gwaji da agogo duk ƙarshen mako. A zama na biyu na gama muƙalar saura minti 4. Na koma sama na karanta tambayar, na karanta sakin layina na farko, na ga amsar tana nan a jimla ta biyu. Sauran lokacin na bi layi-layi ina maido da ƙananan kalmomin da nakan tsallake in ina sauri.

Sakamako ya zo: saurare 7.5, karatu 7, magana 7, rubutu 6.5, jimla 7. Shekara biyu takardar ke aiki, amma ban bari ta kwana ba, a daren na tura wa jami'ar. Da safe na kira Malam na karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan rubutu ya ce in maimaita, na maimaita.