Katin kyauta ne, hanyar karɓarsa ce ke da tsada

Gwaggona ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Wata safiya a farkon Janairun 2023, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, na shiga gaishe ta, sai ta ce, "Ɗan nan, bana ma za mu dangwala?" Na ce mata sosai kuwa, in dai akwai katin zaɓe. Ta yi shiru, sannan ta ce nata yana cikin gwangwanin da take ajiye 'yan kunnenta, gwangwanin kuma ruwa ya yi gaba da shi.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke yankin Haɗejiya, ba ni da jam'iyya, ba ni da ɗan takara. Duk wanda ke Jigawa a daminar 2022 ya san ruwan da take nufi. Ambaliyar ta cinye gonakin shinkafa da gero, ta rushe ɗakunan ƙasa, mutane suka yi makonni suna kwana a azuzuwan makarantarmu, ana shiga gari da kwalekwale. Wanda yake ta kansa da 'ya'yansa da awakinsa, ina ya ga ta katin zaɓe?

Ran nan na juya bayan wani tsohon littafin rajistar ɗalibai na fara bi gida gida ina rubuta sunaye: tsofaffi, makafi biyu, wani gurgu mai gyaran takalmi, matan kulle, da wani dattijo da cutar kuturta ta cinye wa yatsu. Na samu mutum talatin da ɗaya, kuma sai da na zauna da daddare na lura kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka yi sabuwar rajista ba su karɓi katin ba, akwai waɗanda suka taɓa mallakar katin ya salwanta. Na ɗauka matsalarsu ɗaya ce. Ashe ba haka ba ne.

An buɗe rajistar masu zaɓe tun 28 ga Yunin 2021, aka rufe ta 31 ga Yulin 2022, kuma a cikin wannan lokacin ne wanda katinsa ya ɓata ko ya lalace yake neman a sauya masa. Ruwan namu kuwa bayan an rufe ya yi ƙarfi. Wato gwaggona da mutum takwas irinta sunansu na nan daram a rajista, hotonsu na cikin na'ura, amma dokar zaɓe ta 2022 ta ce sai ka nuna kati a rumfa kafin a tantance ka. Na kwana biyu ina juya yadda zan gaya mata. Da na gaya mata, cewa ta yi, "To ai sun san ni, tun zaɓen Shagari nake jefa ƙuri'a." Ban samu amsar da zan ba ta ba.

Saura mutum ashirin da biyu. Nan na yi wauta ta biyu, wadda har yau abokaina ke tsokanata da ita. Na tattara 'yan takardun da aka ba su ranar rajista, na ɗaure da kyauro, na hau babur na nufi inda ake rabon kati a mazaɓarmu, ina ganin na rage wa kowa wahala. Jami'ar da ke wurin ta saurare ni har na gama, sannan cikin ladabi ta ce, "Malam, ba a karɓar wa wani. Kowa sai ya zo da kansa." Na yi magiya, na ce akwai makafi, akwai wanda ba ya iya takawa. Ta ce ta fahimta, amma ƙa'ida ce. A hanyar dawowa haushi nake ji, sai daga baya na ga gaskiyarta. Mun sha jin labarin masu bin ƙauyuka suna sayen katunan talakawa. Da ana ba kowa damin kati don ya ce shi malami ne, da wani mai buhun kuɗi ya riga ni zuwa. Dokar tana kare su ne daga ɓarawo, sai dai kuma ita ce ke tilasta wa tsoho ɗan shekara tamanin hawa babur a kan hanyar da ruwa ya farfasa.

Shi katin ba a biyan ko sisi. Amma fa lokacin canjin kuɗi ne. Babban Banki ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, tsofaffin ana gudunsu, sababbin ba a ganinsu, ga mai ya yi wuya. Ɗan acaɓa ya ce shi tsaba yake so, mai POS kuma sai ya yanki kasonsa mai tsoka kafin ya ba ka kuɗinka. Gurgun nan ya yi mini lissafi a fili: kuɗin zuwa da dawowa, da yinin da ba zai ɗinka takalmi ko ɗaya ba, sun kai abincin gidansa na kwana biyu. Wanda ke da mota da albashi ba ya ganin wannan kuɗin, shi ya sa yake cewa mutanen ƙauye ba su damu da zaɓe ba.

Abin da ya cece mu shi ne kawo rabon katin matakin mazaɓa daga 6 ga Janairu, aka kuma ƙara wa'adin zuwa 22 ga wata. Da a hedikwatar ƙaramar hukuma kaɗai aka tsaya, da rabinsu ba su je ba. Wani manomi ya ba mu aron amalanken shanunsa, muka shimfiɗa tabarma da bargo, muka yi sawu uku cikin kwana uku. Matan kulle kuwa ba ni na shawo kan mazajensu ba, liman ne ya yi magana bayan sallar Juma'a, ungozomar garin ta raka su. Na koyi cewa a irin wannan, bakin da ake jin maganarsa ya fi takardar da ke hannunka. Mutum goma sha tara suka karɓa. Uku ba a ga nasu ba a ranar, kuma ba su iya komawa ba kafin a rufe rabon gaba ɗaya ranar 5 ga Fabrairu.

Ranar zaɓe, Asabar 25 ga Fabrairu, na yi sammako. An ba tsofaffi da masu ciki da naƙasassu damar wuce layi, ba wanda ya yi gardama. Hankalina yana kan dattijon nan marar yatsu, don a 2015, zamanin na'urar karanta kati, yatsa ake nema. Wannan karon sabuwar na'urar tantance masu zaɓe, BVAS, tana duba yatsa, in ya ƙi ta duba fuska. Ɗan bautar ƙasar da ke aiki a rumfar ya ɗaga ta saitin fuskarsa, dattijo ya gyara hula ya ƙame kamar mai ɗaukar hoton fasfo, na'ura ta amsa. Ya shafa tawada da ɗan abin da ya rage na babban yatsansa, ya shiga ya fito yana dariya. Tsofaffin mata da dama ma da fuska aka tantance su, domin surfe da wanki da kaftu sun shafe zanen yatsunsu.

Inda na sake tuntuɓe shi ne wajen ɗaya daga makafin. An ƙara yawan rumfunan zaɓe a ƙasar daga 119,974 zuwa 176,846, aka mayar da wasu mutane sababbin rumfuna don rage cunkoso. Ana iya dubawa ta waya tun kafin ranar, ni kuwa ban duba ba. Muka kai shi inda ya saba, ba sunansa a jikin bango. Sai da jikansa ya ja shi da sanda har tsallaken kasuwa, rana ta take, kafin aka same shi. Doka ta ba makaho damar shiga da wanda ya yarda da shi, shi kuwa ya ce jikan zai shiga, ba ni ba. Ya ce malamin da ya ɓatar da shi da rana tsaka ba zai nuna masa inda zai dangwala ba.

Daga baya na ji alƙaluma a rediyo: mutum miliyan 93 da ɗoriya a rajista, miliyan 87 sun karɓi kati, waɗanda suka fito ba su wuce kimanin miliyan 25 ba. Masu sharhi suka yi ta cewa mutane sun gaji da 'yan siyasa. Akwai wannan, ba na musu. Amma gwaggona ba ta gaji ba; ta yi wanka ta ɗaura sabon zane ta zo ta zauna a gindin darbejiyar da ke kusa da rumfa har la'asar, tana tambayar duk wanda ya fito ko layin da tsawo.

Da aka sake buɗe rajista a watan Agustan 2025, sunanta ne na farko a littafina, kuma wannan karon ban jira wata ambaliyar ba. A hanya take tambayata ko sabon katin yana jin ruwa. Na ce mata na roba ne, ko wancan ma ba jiƙewa ya yi ba, tafiya ya yi. Ta ce to wannan a cikin laya za ta ɗinke shi ta rataya a wuya.