'Yan cin hunturu na Kogin Otawa

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida,

Ina gaishe ku daga Otawa, babban birnin Kanada, da fatan kaka ta yi albarka, an kai amfanin gona gida lafiya. Mu nan ganyaye sun gama zuba, sanyi ya fara ratsa ƙashi.

Abin da ya sa na rubuto muku yau wata tsohuwar takardar kuɗi ce da maƙwabcina, wani dattijo mai jin Faransanci, ya nuna mini. Dala ɗaya ce ta 1973, irin wadda aka daina bugawa tun 1989. A bayanta ga ginin majalisar ƙasa bisa tudu, a ƙasansa kuma kogi ya cika maƙil da gumagumai, wani ɗan jirgi na tsakiyarsu. Dattijon ya ɗora yatsa a kan gumaguman ya ce, "Nan mahaifina ya ƙarar da ƙuruciyarsa." Tun daga ranar nake bin labarin masu saran itace na wannan kwari, kuma duk inda na taɓa sai in ji kamar labarin mutanenmu ake ba ni.

Yaƙin Turawa ne ya buɗe wannan sana'a. A 1806 Napoliyon na Faransa ya hana ƙasashen Turai ciniki da Ingila, alhali jiragen ruwan Ingila na katako ne, katakon kuwa daga ƙasashen Tekun Baltik take sayowa. Sai ta juyo ga dazuzzukan Kanada, inda ake da wani itace da ake kira farin fayin, miƙaƙƙe sambal, wanda tsawonsa kan wuce mita 40. A shekarar ce wani mutum mai suna Philemon Wright ya ɗaure gumagumai wuri guda kamar ƙatuwar asabari, ya hau kansu da mutanensa, ya bi Kogin Otawa ya faɗa Kogin Sen Lorans har birnin Kebek inda jiragen Ingila ke lodi. Tafiyar ta ci kusan wata biyu. Daji da kogin nan kuwa na mutanen Algonkin ne, waɗanda Turawa suka tarar, kuma ba wanda ya nemi izininsu.

To su wa ke saran? Nan ne zuciyata ta tsaya. Mafi yawansu ƙananan manoma ne, masu jin Faransanci da 'yan Ailan da 'yan Sikotilan, har da su Algonkin ɗin. Idan hunturu ya zo ƙasa ta daskare, gona ba ta da wani aiki, sai namiji ya bar mata da yara ya shiga daji neman abin da zai riƙe gida. Ashe ba cin rani ke nan ba? Namu sukan tafi Legas ko Kurmi idan ruwa ya ɗauke, su kuwa sukan nausa arewa idan ƙanƙara ta sauka. Shi ya sa nake kiransu 'yan cin hunturu.

A watan jiya na je gandun dajin Algonkin, wanda aka keɓe tun 1893, inda akwai wurin adana tarihin wannan aiki. An sake gina irin ɗakin da suke kwana, na shiga na daɗe a tsaye. Ɗaki ne guda na gumagumai, ba taga ta kirki. A tsakiya an yi wani makeken murhu da aka cika da yashi, wuta ba ta mutuwa dare da rana, a sama an bar ƙatuwar kafa don hayaƙi ya fita. Gadaje a jere jikin bango, sama da ƙasa, mutum biyu a gado ɗaya, maza wajen hamsin. Da kayan jikinsu suke kwana. Jiƙaƙƙun safa na rataye a bakin wuta, ga ƙwarƙwata, ga warin gumi da hayaƙi. Abinci kusan kullum ɗaya ne: wake, naman alade mai gishiri, burodi, da baƙin shayi mai ɗaci. Kuku yakan binne tukunyar wake a cikin yashin nan mai zafi ta kwana tana dahuwa.

Tun duhun asuba masu dawakai ke tashi su ba dabbobi abinci, kafin gari ya waye kowa ya isa bakin aiki, a sanyin da kan kai awo 30 ƙasa da sifiri. Kwana shida a mako, sai duhu ya hana gani. Da farko gatari kaɗai ne makami. Sai wajen shekarun 1870 doguwar zarto ta mutum biyu ta shigo aikin kayar da itace. Idan bishiya ta faɗi, a sare rassa, a ja layi da igiya a jikinta, sannan gwani ya zo da wani gatari mai faɗin baki ya fafe ta ta zama mai kusurwa huɗu, sumul kamar kafinta ya goge. Shi ya fi kowa albashi. Amma wannan gyara asara ce babba, don wajen kashi ɗaya cikin huɗu na itacen a daji ake barinsa, ya bushe ya zama abincin gobara. Da dare wasu sukan bi hanya suna zuba ruwa don ta daskare ta yi santsi, da safe dawakai su ja lodi a kan amalanke marar ƙafa zuwa bakin kogi.

Akwai busasshen reshe da kan maƙale a sama, ya faɗo kan mutum ba sallama yayin da ake sara. Sunan da suka ba shi da Turanci, ma'anarsa mai sa mace takaba. Da na ji sunan nan jikina ya yi sanyi.

Duk da haka saran ba shi ne mafi haɗari ba. Idan ƙanƙara ta narke koguna suka kawo, sai a tura gumaguman cikin ruwa, mutane su bi su suna kora. Suna tsalle daga wannan gungume zuwa wancan, da takalma masu ƙusoshi a tafi da doguwar sanda mai ƙugiya, a kan ruwan da jiya-jiya ƙanƙara ne. Da yawansu ba su iya iyo ba. Wani lokaci dubban gumagumai su cushe a wuri mai duwatsu, dole wani ya taka ya je ya zare wanda ya tokare sauran, daga baya ma har nakiya ake sawa. In cushewar ta ɓalle yana kai, sai dai addu'a. Wanda aka tsinci gawarsa a bakin kogin ake binne shi, a kafa gicciye, a rataye takalmansa a bishiya. Maƙwabcina ya ce mahaifinsa ya san wuraren da irin waɗannan takalma suke, kuma ba ya wucewa sai ya cire hula.

Albashi sai ƙarshen aiki ake biya, bayan an cire kuɗin taba da tufafin da mutum ya ci bashi a kantin kamfani. Wasu sukan kai gida cif. Wasu kuwa gumin wata shida ya ƙare a mashayar gari cikin 'yan kwanaki, abin da mu ma mun san irinsa.

Da wannan gumi aka gina garin da nake zaune. Da Bytown ake kiransa, garin 'yan katako mai yawan faɗa, har sai 1855 da ya zama Otawa, a 1857 kuma Sarauniya Biktoriya ta zaɓe shi babban birni. Attajirin katako J.R. Booth shi ya samu kwangilar katakon ginin majalisa, ya rasu a 1925 da dukiya mai ɗimbin yawa, kuma akwai titi da sunansa da nake bi kusan kullum. A cikin leburori, wanda sunansa ya fi tsira shi ne Jos Montferrand, wani ƙaƙƙarfan jagoran masu tuƙa gumagumai da ya rasu a 1864; labaran ƙarfinsa sun zama kamar tatsuniya, har ginin kotu a Gatino, tsallaken kogi, ke ɗauke da sunansa. Sauran dubbai sai a bakin jikokinsu. Wannan yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Asabarin katako ta ƙarshe ta sauka kogin a 1908, lokacin manyan bishiyoyin sun yi ƙaranci. Aka ci gaba da korar gumagumai zuwa masana'antun katako da na takarda har wajen 1990, sannan manyan motoci suka karɓe. Zarton inji ya yaɗu a shekarun 1950, yau kuma akwai motar da ke kama bishiya ta yanke ta ajiye, direba na zaune cikin ɗumi. Amma inda tudu ya hana mota hawa, har yanzu mutum ne da zartonsa, kuma a maƙwabciyarmu Amurka ƙididdigar gwamnati ta sha nuna saran itace cikin ayyukan da suka fi cin rai.

Da na fito daga ɗakin nan na gandun daji, 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ce ta faɗo mini a rai. Sau nawa na raka kawuna kafinta can, muna taya farashi, muna duba ko katakon ya bushe, ban taɓa tambayar wanda ya shiga kurmin kudu ya kayar da bishiyar ba, ko da wane takalmi ya shiga, ko ya fito lafiya. In akwai mai wannan sana'a cikin masu karanta wasiƙar nan, ko ɗansa, ina roƙo ya rubuto mini yadda aikin yake a wajenmu, zan karanta wa maƙwabcina, don ya tambaye ni na kasa ba shi amsa.

A gaida iyaye da yara. A sa mu a addu'a, hunturu ya ƙarato.

Naku,
ɗan uwanku a Otawa